Kitsen da Na Ɗiga a Ƙafar Bukar

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya aiko mana ciwon kuma ya bar mana mai ciwon.

Sunana Falmata. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, Hausata ma ta kasuwa ce, da Barbarci na tashi. Maƙwabciyata Malama Hadiza ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. So nake duk macen da ke narka kitse don faso a bakin kogin Komadugu ta ji abin da hannuna ya yi wa ƙanena.

Bukar ni na goye shi. Uwarmu ta rasu yana rarrafe, ni kuwa na fara girma, sai ya zama nawa. A ƙauyenmu, gabas da Geskeru, shi ne babban manomin tattasai. Injin ban ruwa biyu gare shi, da ma'aikata. In an yi shanya, daga ƙofar gidansa har gindin tsamiyar masallaci ƙasa ja take zama, 'yan kasuwa kuma su ƙetaro kogi suna jiran ya gama shan shayi kafin a yi ciniki. Ba mutum ne mai sauƙi ba. In ya daka tsawa a wannan bakin gona, ana ji a wancan.

Sai mutanen daji suka zo da bindigoginsu. Ba zan ba da wannan labarin ba, kowa a nan yana da nasa. Muka tsinci kanmu a Asaga, bakin kwalta, ƙarƙashin tampol da zana. Aka hana sayar da tattasai, aka hana taki, aka hana hawa babur. Bukar, mutum ya haura shekara arba'in da biyar, ya zauna. Layin rabon abinci bai taɓa shiga ba, matarsa Amsa ke zuwa da kati. Tsawar nan ta mutu. Shekara biyu yana zaune yana kallon motoci, in zaman ya ishe shi ya bi gefen kwalta da wani tsinkakken silifa ya yi ta tafiya, ba wurin kowa ba, ya dawo.

Ni mai sa ido ce, kowa ya shaide ni da haka, wasu ma ba sa so na saboda shi. Na ga Bukar yana shan ruwa buta bayan buta. Na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ga tururuwa tana taruwa a bayan zana inda yake zagayawa. Duk na gani, na haɗa su wuri ɗaya na sa musu suna tunani. Na ce wa Amsa, wanda ya rasa gona dole ya rame.

Da sanyi ya shigo, dugadugansa suka tsage. A wajenmu wannan ba ciwo ba ne. Duk wanda ya tsaya cikin ruwan fangali yana ban ruwa ya san faso, maganinsa kuma tun kakanni ɗaya ne: a wanke ƙafa, a narka kitsen akuya a cokali, a ɗiga cikin tsagar da zafinsa. Ƙato mai gemu za ki ga ya yi tsalle yana kiran uwarsa, mata suna dariya, kwana biyu faso ya rufe.

Da hantsi ne. Na ɗora ƙafarsa ta hagu a cinyata na ɗiga na farko. Bai motsa ba. Na mayar da cokali kan garwashi na ɗiga na biyu. Yana kallon wata motar sojoji da ke wucewa.

Amsa ta ce, "Yaya, ya isa haka. Kitsen har hayaƙi yake."

Na ce, "Rufe mana baki. Ke kin saba ganin ragwaye. Wannan ɗan babana ne."

Na ƙara na uku. Da yamma a bakin famfo na tsaya ina ba mata labari, cewa duk da abin da duniya ta yi masa, ƙanena ko ƙifta ido bai yi ba. Malama, rubuta wannan yadda yake. Alfahari na yi.

Satin farko wurin ya yi bororo, ya fashe. Na daka bagaruwa na barbaɗa. Bukar ya ci gaba da yawonsa a kai, tunda ba ya jin komai. Sati na biyu bakin ciwon ya yi baƙi, ya fara wari. Kawu Mele, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babbanmu a yanzu, ya zo ya duba ya ce Bukar ya taka wani abu ne da aka binne don wani, ya kawo rubutu da turare. Wata mata ta ce a fasa kafso mai ja da rawaya a zuba garin a ciki. Wani ya ce man juye na inji. Ban da man juye, duk mun yi. Sati na uku zazzaɓi ya kama shi, ƙafa ta kumbura har ƙwauri tana sheƙi, ƙuda ya hana mu cin abinci a rumfa ɗaya da shi.

Ranar da motar masu magani ta zo Asaga, ni da Amsa muka riƙo shi muka shiga layi tun rana ba ta yi zafi ba. Wata ma'aikaciya ta kwance tsumman, ta rufe, ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a wani ɗan ƙaramin inji. Ta kalli injin ta faɗi wata kalma da Faransanci. Ban nemi tafinta ba, na ga fuskarta. Ta rubuta takarda ta ce yau ɗin nan, Diffa.

Diffa ba nisa, amma ba babur. Muka jira mota har azahar. A kowane shinge sai an sauke fasinja an duba kati, mu kuma mu sauke Bukar mu mai da shi. A shinge na ƙarshe wani soja ya leƙo, warin ya buge shi, ya ce, "Mama, bar shi a ciki, ku wuce, Allah ya ba shi lafiya." Ban san sunansa ba, ina sa shi a addu'a.

A asibiti na gane abin da rashin karatu ke yi wa mutum. Wannan ya ce je ƙofa ta huɗu, ki je ki ga ƙofofi duk iri ɗaya da zane a samansu. Waccan ta ce ba nan ba, sai an buga hatimi tukuna. Na yi zagaye uku da takarda a hannu, ƙanena yana kwance a siminti. Wata mai shara ce ta jingine tsintsiyarta ta kama hannuna kamar makauniya, ta kai ni ko'ina, ta koma bakin aikinta.

Lokotoron, wato likitan da ya duba shi, ɗan yamma ne, Hausarsa ta fi tawa ɗingishi. Ya sa Bukar ya rufe ido, ya ɗauki allura yana taɓa ƙafar.

"Ka ji?"

"A'a."

"Nan fa?"

"A'a."

Yana hawa yana tambaya, sai da ya kusa tsakiyar ƙwauri Bukar ya ce ya ji. Ina tsaye ina ganin allura tana shiga naman ƙanena, shi kuwa kamar ana taɓa ƙafar gado. Lokotoro ya ce wannan ƙuna ce, wa ya ƙona shi? Amsa ta sunkuyar da kai don ta rufa mini asiri. Na ce ni ce, na faɗi yadda aka yi, har da sau uku.

Na shirya wa faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Mama, ƙafar nan ta daina magana tun kafin ki taɓa ta. Ciwon sukari ya kashe mata baki. Da tana da baki, ɗigo ɗaya za ki yi ya ture ki."

Sannan ya faɗi sauran. Ruɓar ta kai ƙashi. Sai an yanke ƙasa da gwiwa. In an bari za ta hau ta shiga jini, kuma ba wata za ta ɗauka ba.

Bukar ya ce, "Da ƙafa biyu na zo duniya, da biyu zan koma." Ya juya fuskarsa bango.

Lokotoro ya ce ba ya yanka mutum sai da yardarsa. Ya ciro biro ya zana layi a fatar, daidai inda jan ya tsaya, ya ce in riƙa dubawa.

Sati na huɗu muka yi shi a ɗakin maza, gado takwas, mu masu jinya a tabarma. Ƙarin ruwa, allurai, wankin ciwo kowace safiya. Wani maganin kyauta, wani a rubuta miki takarda ki fita waje ki saya, ki dawo a ce ba shi ba ne. Awakina biyu suka tafi, 'yan kunnen Amsa suka bi su. Kullum da safe sai in ɗaga zanen in duba layin biro. Ban iya karatu ba, amma wannan rubutun na karanta shi sarai. Ranar farko jan yana kan layi. Rana ta uku ya wuce da faɗin yatsa. Rana ta shida yatsa uku, lokotoro ya zana sabo a sama.

Kawu Mele ya zo ya zauna a bakin gado ya ce Bukar ya yi daidai, a gidanmu ba a taɓa binne mutum guntu ba. Na raka shi waje na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa babba ba. Na ce in ya sake faɗin haka a gaban yaron nan, ya manta hanyar ɗakin. Ya tafi yana girgiza kai.

Na dawo na tsaya kan Bukar. Tun yana yaro in na ce tashi, tashi yake, har lokacin da yake da ma'aikata ashirin. Na ce, "Bukar, ni na goye ka. Na ce ka yarda."

Bai juyo ba. Ya ce, "Yaya, an karɓi gona, an karɓi inji, an karɓi gida, duk da ƙarfi aka karɓa. Wannan kuma in miƙa da hannuna? Manomin da ba ƙafa, me za a kira shi? Ki bar ni in tafi da abin da ya rage."

Da wane baki zan amsa masa, ni da na riƙe cokalin? Daga ranar ya daina magana, ya daina cin abinci sai ruwan koko. Amsa tana kuka a bayan ɗaki, ni ina zaune ina kallon ja yana hawa.

A cikin sati na biyar aka kawo wani Bafulatani gadon da ke kusa da namu, an yi masa aikin gwaiwa. Buba sunansa, dogo, siriri, ya kai sa'an Bukar ko ya ɗan fi shi. Wanda ba ɗan nan ba ya sani, tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni. Duk abin da suka faɗa mana, duk abin da muka faɗa musu, ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Maganin barci yana sakinsa ya buɗe ido, ya ga zanen fuskata, ya ce, "Subhanallahi! Wa ya kwantar da ni a cikin bayina?"

Ba na cikin halin wasa, amma ba a ƙyale Bafulatani ya ci bulus. Na ce, "Sannu, ɗan daji. Yau ka ga gado, kada ka faɗo."

"Kawo mini ruwa, baiwata. Wancan da ya ba ni baya fa? Bai iya gai da ubangidansa ba?"

Bukar ko motsi.

Kafin la'asar duk ɗakin ya san labarin Buba, don bakinsa ba ya rufuwa. Shanunsa sun tafi a wajen tafkin Cadi, wasu an kore, wasu ƙishirwa ta kashe a hanyar gudu. Wani mai lambu a Shetimari ya ba shi aron ɗan fili a kwari. Gwaiwar ma a nan ya samo ta, ya ɗaga injin ban ruwa shi kaɗai kamar maraƙi. Yana ba da labarin shanun yana dariya, amma na lura duk sanda ya ambaci wata saniya da sunanta sai ya kalli rufi.

Washegari ƙanen Buba ya zo duba shi, ya ce irin tattasan da suka yayyafa ya sake mutuwa. Karo na uku ke nan.

Buba ya ce, "Ƙasar Barebari ce, mugunta gare ta kamar masu ita. Me ban yi mata ba? Iri na sayo mudu guda a kasuwa na zuba shi da kauri. Na je har mahauta na kwaso kashin shanu sabo, mai ɗumi, na lafta masa. Rana ta take, na ce abin nan yana jin ƙishirwa, na buɗe masa tiyo har ya yi iyo."

Ina kallon bayan Bukar. Na ga kafaɗarsa ta motsa.

"Wannan karon," in ji Buba, "zan ƙara kashin. Wataƙila bai ƙoshi ba."

Sai muka ji murya daga bango, a shaƙe.

"Ɗanyen kashi?"



"Ɗanyen kashi ka zuba wa iri? Da tsakar rana ka sake masa tiyo?" Bukar ya dafa gado ya juyo, robar ƙarin ruwa tana lilo. "Kai, wane irin mahaukaci ne kai? Dafa shi ka yi! Taki sai wanda ya shekara, ya bushe, a tankaɗe shi kamar gari. Iri a yayyafa shi sama-sama, a rufe da ciyawa, a ba shi ruwa da tafin hannu safe da yamma. Ranar da ya tsaga ƙasa a janye ciyawar. Kuma wa ya ce maka ana sayen iri a mudu? Sharar gindin buhu suka sayar maka, ɗan daji!"

Tsawar nan ce, ta bakin gona, wadda na yi shekara biyu ban ji ba. Wani tsoho a gadon ƙarshe ya farka yana salati. Majo, babban ma'aikacin ɗakin, ya leƙo da gudu. Buba kuwa ya gyara kwanciya ya ce, "Ashe bawan nawa yana da baki. Ci gaba, ciyawar wace iri?"

Suka yi ta yi har aka kira azahar. Bukar ya zana fangali da yatsa a kan katifa. Da Amsa ta miƙa masa kwano, ya karɓa ya ci bai ma san ya ci ba.

Kwana biyu suna haka. Jan ya wuce layi na biyu. A rana ta uku, da hantsi, Buba ya ce, "Ni duk wannan ba zai zauna a kaina ba. In an sallame mu ka zo ka nuna mini."

Bukar ya ce, "Da wace ƙafa?"

"Ƙafarka na ce ina so? Ƙafa ina da biyu, sun kai ni har iyakar Cadi sun dawo da ni ba ko saniya ɗaya. Ƙaton kan nan naka mai kama da tulu nake so. Waccan ruɓaɓɓiyar ka bar musu, ko angulu aka ba sai ta yi godiya ta mayar. Kana rungume da ita kamar amarya, duk ka hana mu numfashi. In ka mutu da ita, wa zai ci abin da ke cikin tulun? Gara? Gara za ta dasa tattasai?"

Na miƙe tsaye. Da wani ne ya faɗi haka, da sai an raba mu. Sai na tuna ko wane ne, na koma na zauna. Ba wanda ya isa ya gaya wa Bukar wannan maganar, ba ni ba, ba lokotoro ba, ba liman ba. Bafulatani kaɗai kakanni suka ba wannan izini, kuma Allah ya rasa inda zai kwantar da shi duk faɗin asibitin sai kamu biyu daga gadon ƙanena.

Bukar ya kalle shi. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ta zama tari, tarin ya zama wani abu dabam, ya ja zane ya rufe fuska. Bayan la'asar ya ce, "Yaya, kira mini lokotoro."

Da safen da za a shiga da shi, majo ya ce a cire duk wani guru da laya. Akwai wata laya ta fata a ƙugun Bukar, tun ranar gudu nake ganin igiyarta, na ɗauka ta tsari ce. Ya kwance ya damƙa mini ya ce, "Kada ta jiƙe." Na zauna da ita a hannu a ƙofar ɗakin aiki ina jan carbi. Na ji tana ɗan ƙara in na juya ta, kamar yashi a ciki. Ban buɗe ba.

Aka fito da shi bayan azahar, zanen ya kwanta shafe a inda ƙafa take da. Kawu Mele, wanda na kora, shi ya zo ya karɓi ƙafar a naɗe, ya kai maƙabarta ya binne ta da mutunci. Ya dawo ya zauna kusa da ni. Allah ya saka masa.

Da Bukar ya dawo hayyacinsa sosai, abin da ya fara tambaya layar ce. Ya ce in farke ɗinkin. Na sa reza na farke a kan faranti. Toka ta zubo, a cikinta irin tattasai, fari-fari, bai fi cikin tafi biyu ba. Na girbinsa na ƙarshe ne, daga manyan 'ya'yan tsinkar farko da yake warewa da hannunsa. Ranar da muke ɗaure tabarmi da tukwane, shi wannan ya ɗinke. Shekara biyu yana kwana da shi yana tashi da shi, ko Amsa ba ta sani ba. Ni da nake cewa ba abin da ke wuce idona, na goyi mutum, na yi masa aure, na zauna rumfa ɗaya da shi, ban san abin da ke ɗaure a ƙugunsa ba.

Sauran jinyar doguwa ce. Sati na bakwai wurin ya ɗan yi ruwa, aka sake buɗe gefe aka wanke. Wani abin mamaki kuma, ƙafar da ba ta jin allura tana jikinsa, da aka binne ta sai ta fara magana. Ya ce babban yatsan yana masa ƙaiƙayi, ya miƙa hannu ya sosa katifa. Na tsorata, na ce ko ƙafar ce ke kiransa. Lokotoro ya ce haka ake yi, kai ne bai gama yarda ba. Ikon Allah ya fi ƙarfin tunanina. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne shayi. Mutumin da ke shan zagaye uku da sukari kamar zuma, aka ce ya sha shi salam. Ya yi mini fushin kwana biyu a kan haka, fushin da bai yi mini a kan ƙafa ba. Sau ɗaya na buɗe baki zan nemi gafararsa, ya ce, "Yaya, kin yi mini abin da Inna za ta yi da tana raye. Bar shi."

Wajen wata biyu muka yi. Ranar sallama lokotoro ya kama ƙafar dama ya ce, "Mama, wannan ma bakinta ya yi rauni. Daga yau ke ce bakinta." Ya ce kullum in duba ta, ƙasa da sama da tsakanin yatsu. Ba tafiya ba takalmi. Ruwan wanka in gwada da hannuna tukuna. In ta tsage, man shafawa mai sanyi, wuta kuwa ko kusa.

Buba ya riga mu fita, na ɗauka maganar asibiti ce, ta ƙare a asibiti. Gab da damina sai ga shi a Asaga da amalanken jaki, yana kiran a fito masa da bawansa. Muka koma Shetimari, muka kafa bukka a gefen lambun. Bukar ya sa aka ja fangali siriri, daidai inda hannunsa zai kai daga zaune, ya ajiye sandunan da yake dogarawa ya ja jiki a kan buhu. Ya tankaɗe taki da rariyata, ban hana ba. Ya yayyafa irin layar. Ya ce irin ya tsufa, da wuya ya fito. Kwana tara ba komai. Na goma da safe ya ɗaga ciyawa ya kira ni da hannu. Ba duka suka fito ba, amma sun fito, kore shar, kowanne da 'yan kunnuwa biyu.

Yanzu damina ta biyu ke nan. Shi ba ya noma, reno yake yi, masu lambu su zo su sayi dashe. Har daga wajen Diffa ana zuwa. Ba ya ba mutum sai ya tambaye shi ƙasarsa da ruwansa, wani ma ya kore shi ya ce je ka gyara fangalinka ka dawo. Da ana ce masa Bukar mai inji biyu, yanzu Bukar mai dashe. Wata rana yana tsinke ciyawa ya ce mini, shekara goma sha biyar yana da gona bai taɓa tsiro da yatsansa ba, buhu kawai yake kallo, ya manta wannan ne abin da yake so tun yana bin Baba. Ba zan ce mun ji daɗi ba. Ƙasar aro ce, ƙauyenmu har yau ba a kwana a cikinsa, maganin sukari wani watan a samu wani watan a yi ta yawo. Amma ƙanena yana tashi da safe da abin yi.

Ku mata, ga abin da na tara ku don shi. In kin ɗiga kitse mutum bai yi ihu ba, ajiye cokalin ki kai shi a soki yatsansa. In kin ga yawan shan ruwa da rama da tururuwa, kada ki sa musu suna da kanki kamar yadda na yi.

Shekaranjiya da safe ina zaune a bakin fangali, ƙafarsa ta dama a cinyata, ina duba ta. Buba yana jan tiyo da baya da baya, yana waƙar shanunsa, bai duba ba ya zurma diddige cikin dashen.

"Wayyo! Wayyo Allah na!"

Na saki ƙafar, na ɗauka ni na fama masa wani abu. Amsa ta fito da ludayi a hannu.

Buba ya daskare da ƙafa ɗaya a sama ya ce, "Lafiya? Ƙafarka na taka?"

"Da ita ka taka ai da sauƙi! Guda shida, ɗan daji! Guda shida ka kashe mini!"

Ya ja jiki ya sunkuya yana ta da su ɗaya-ɗaya, yana tallafe su da ƙasa, yana zagin Fulani har kakansu na bakwai, Buba yana ramawa. Na ɗiga wa mutumin nan kitse mai hayaƙi sau uku bai ce wayyo ba. An kai shi an yanke ƙafa an dawo da shi bai ce ba. Na zauna ina sauraronsa, na yi wa Allah godiya a zuci. Da ya gama na ce ya miƙo mini ƙafar, saura tsakanin yatsu ban duba ba.